Jirgin ceto da injinsa: abin da ya haɗa Samaru Kataf da fayilolin Abuja

Samaru Kataf mararraba ce. Daga wannan gari na ƙasar Atyap, a Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, hanya ɗaya ta nufi Zonkwa da Kachia har birnin Kaduna, wata ta gangara Kagoro da Kafanchan, wata kuma ta haura Saminaka. Direban da ya ɗauko mai rauni daga nan zuwa manyan asibitocin Kaduna yana da tafiyar kusan kilomita 200 a gabansa, wato sa'o'i uku ko fiye, idan hanya ta yi kyau kuma shingayen bincike ba su tsayar da shi ba. A sararin sama tazarar ba ta kai kilomita 150 ba. Jirgi mai saukar ungulu irin Mi-171, wanda ke tafiyar fiye da kilomita 200 a sa'a, yana cinye ta cikin kimanin minti 40.

Mutanen yankin sun san darajar wannan bambanci. A daren 15 ga Afrilun 2023 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Runji, a cikin wannan ƙaramar hukuma, suka kashe mutum fiye da 30. Kafin wannan an yi Madamai a Ƙaramar Hukumar Kaura a watan Satumban 2021, an yi Malagum a Disamban 2022. A irin waɗannan darare ba wanda harsashi ya kashe nan take kaɗai ake rasawa ba. Akwai wanda jini ke zuba daga cinyarsa, soja ne ko manomi, wanda zai rayu idan ya isa hannun likitan tiyata da wuri, ya mutu idan aka makara. Likitocin yaƙi sun daɗe da tabbatar da cewa zubar jini ita ce kan gaba cikin mace-macen da za a iya hanawa a fagen daga. Dalili ke nan da ya sa a 2009 Sakataren Tsaron Amurka na lokacin, Robert Gates, ya ba da umarnin a riƙa kai sojan da ya ji mummunan rauni a Afganistan asibiti cikin sa'a guda.

Sai dai wancan lissafi na minti 40 yana da sharaɗi: jirgin ya tashi. Tashinsa kuwa ba a ranar hari ake yanke shi ba. Ana yanke shi watanni kafin nan, a ranar da aka sa hannu, ko aka jinkirta sa hannu, a kan takardar sayen kayan gyaran injinsa.

Ba kowane helikwafta ne na ceto ba

Idan aka yi bikin ƙaddamar da sababbin jirage, waɗanda suka fi ɗaukar ido su ne na kai farmaki. T129 ATAK da Najeriya ta saya guda shida daga Turkiyya, waɗanda suka fara isowa a ƙarshen 2023, da AH-1Z guda 12 da Amurka ta amince ta sayar mata a watan Afrilun 2022, duk kujeru biyu gare su, na matuƙi da na abokin aikinsa. Babu inda za a shimfiɗa gadon majiyyaci a cikinsu. Aikin ɗauko masu rauni ya rataya ne a wuyan jiragen jigila: Mi-17 da Mi-171 ƙirar Rasha, waɗanda kowannensu ke iya ɗaukar gadaje 12 na marasa lafiya, da Super Puma ƙirar Faransa, da Bell 412, da ƙananan AW109 ƙirar Italiya. A wurin da ake musayar wuta, mai jigila ba ya sauka sai da rakiyar mai farmaki a samansa. Ke nan aikin ceto ɗaya yana iya buƙatar jirage biyu masu lafiya a lokaci guda, injuna huɗu ke nan, domin kowannensu injuna biyu gare shi.

Aikin ba wasa ba ne. A ranar 14 ga Agustan 2023 wani Mi-171 na Rundunar Sojan Sama ya tashi daga Zungeru zuwa Kaduna ɗauke da gawarwakin sojoji da waɗanda suka jikkata a wani kwanton ɓauna da aka yi musu a Jihar Neja. Bai isa ba. Ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba, a Ƙaramar Hukumar Shiroro. Hedikwatar Tsaro ta ce hafsoshi da sojoji 36 aka rasa tsakanin harin da haɗarin. Baya ga rayukan, an rasa jirgi guda daga cikin 'yan ƙalilan da ke wannan aiki, kuma sa'o'in da ya kamata ya yi a sama sun koma kan ragowar, da injunansu.

Kudancin Kaduna ya ɗanɗani ɗacin haɗarin helikwafta tun kafin wannan. A ranar 15 ga Disamban 2012 Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Fadan Kagoma a Ƙaramar Hukumar Jema'a, ya rasu tare da tsohon Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, Janar Andrew Owoye Azazi, da wasu mutum huɗu, lokacin da jirgin Agusta 109 na Rundunar Sojan Ruwa ya faɗi a Okoroba, Jihar Bayelsa. Daga baya aka sa wa babban asibitin Kafanchan sunan marigayin.

Abin da ke cin inji

Injin irin waɗannan helikwaftoci ba ya kama da na mota. Babu fistin a cikinsa. Yana zuƙo iska ta gaba, jerin fankoki masu siraran ganye su matse ta, a fesa mata mai a kunna wuta, sannan iskar mai zafi ta bugi wasu ganyen ƙarfe a baya, su juya sandar da ke kai ƙarfi ga babbar farfelar sama. Sassan ciki suna juyawa sau dubbai a minti guda, cikin zafin da ya kusa ma'auni 1,000. Injin TV3-117 da ke cikin Mi-17 da Mi-35 yana ba da ƙarfin doki kimanin 2,000, amma nauyinsa bai kai kilo 300 ba. Duk abin da ke da irin wannan ƙarfi a irin wannan ƙaramin jiki, ba ya yafe sakaci.

Abokin gabarsa na farko a arewacin Najeriya shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris hazon hunturu yana cika sama da ɗan yashi mai laushi daga hamada. Jirgin ceto kuma ba a filin jirgi mai kwalta yake sauka ba. Filin makarantar firamare ne, ko gonar da aka girbe, inda iskar farfelarsa ke tayar da gajimaren ƙasa, inji kuma ya sha. Yashin yana goge gefen ganyen fankoki a hankali har su daina matse iska yadda ya kamata, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, zafi ya hau. Wanda ya wuce ciki yana narkewa ya zama kamar gilashi, ya toshe ƙananan ramukan da ke sanyaya ganyen baya. Ana sa wa jirage matattarar ƙura a bakin inji, amma tana rage ɓarna ne, ba ta hana ta, ita ma kuma tana cin wani abu daga ƙarfin inji. Ƙurar tana makantar da matuƙi ma. Binciken haɗarin jirgin AW139 da ya ɗauko Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo a Kabba, ranar 2 ga Fabrairun 2019, ya nuna cewa ƙurar da ta turnuƙe wurin sauka ce ta rufe wa matuƙan ido.

Abokin gaba na biyu shi ne zafi da tudu. Ƙasar Atyap da Kagoro tana gindin tsaunukan Filato, ta fi mita 700 sama da teku. Iska a kan tudu, da rana tsaka a watan Maris, ba ta da kauri kamar ta Legas da asuba. Farfela ba ta samun abin riƙewa sosai, inji kuma ba ya ba da cikakken ƙarfinsa. Sabon inji yana da rarar da zai cike giɓin. Wanda ƙura ta ci ba shi da ita, sai matuƙi ya zaɓa: ya rage mai, ko ya rage mutane.

Wannan zaɓi ya girmi Rundunar Sojan Saman Najeriya, wadda aka kafa a 1964. Aikin ceto na farko da aka yi da helikwafta a fagen yaƙi ya faru ne a watan Afrilun 1944 a Burma, wadda ake kira Myanmar a yau. Laftanar Carter Harman na sojan Amurka ya je ɗauko mutum huɗu da jirginsu ya faɗi a bayan layin Japanawa. Zafi ya hana ɗan jirginsa ɗaukar fiye da mutum ɗaya a sahu. Bayan sahu na biyu inji ya yi zafi ya ƙi tashi, sai washegari ya ɗauko sauran biyun.

Ƙarfe mai takarda

Ma'aikacin da motarsa ta lalace a Abuja yana iya zuwa Apo, na Kaduna ya shiga Panteka, ya samo kayan gyara sabo ko na hannu, makanike ya ɗaura, a gwada a gani. A jirgin sama babu a gwada a gani. Kowane muhimmin sashe yana da lambarsa da takardarsa, wadda ke nuna masana'antar da ta ƙera shi, da jirgin da ya taɓa zama a ciki, da sa'o'in da ya yi yana aiki. Sashen da takardarsa ta ɓata ya zama ƙarfen banza, ko da yana walƙiya.

Rayuwar inji da sa'o'i ake ƙirga ta. TV3-117, gwargwadon samfurinsa, yana yin sa'o'i 1,500 zuwa 2,000 kafin a sauke shi a kai shi babban garambawul, inda ake warware shi gaba ɗaya, a auna kowane ganye, a zubar da wanda ya gaji. Wasu sassan, kamar fayafayan da ganyen ke maƙale a kansu, suna da iyakar da ba a tsallakewa. Idan suka cika adadinsu cire su ake yi, ko da ido bai ga tsaga ba. Wasu kuma, irin robobin toshe mai da bututu, da kalanda ake auna su: suna tsufa ko jirgin yana tashi ko yana ajiye. Saboda haka ajiye jirgi a rumfa ba ya tsayar da kashe kuɗi.

Wannan tsari yana da wata fa'ida da ba kasafai ake lura da ita ba. Ranar da inji zai buƙaci garambawul ba gaibu ba ce. Injiniyan da ke riƙe da littafin jirgi yana iya faɗa, tun shekara guda kafin lokacin, watan da sa'o'in za su cika. Idan an tanadi inji na ajiya, sauyawa aikin kwanaki ne. Idan ba a tanada ba, jirgin zai zauna har a fitar da injinsa waje, ya bi layi a masana'anta, ya dawo, abin da kan ɗauki watanni. A nan ne ake faɗawa cikin ɗabi'ar da kowace rundunar sama ta sani kuma take ƙi: a ciro sashe daga jirgin da ke zaune a ɗaura wa wanda ke tashi. Yau famfon mai, gobe na'urar kunna wuta, kafin shekara ta zagayo jirgin da ya shigo rumfa don matsala ɗaya ya zama ƙwarangwal.

Ƙarancin kaya kuma yana buɗe ƙofa ga 'yan damfara. A 2023 aka gano cewa wani kamfanin dillanci a Landan, AOG Technics, ya sayar da dubban sassan injin CFM56 na jiragen fasinja da takardun bogi, har manyan kamfanonin jiragen duniya suka riƙa sauke injuna suna bincike. Idan haka ta faru a kasuwar da ta fi kowace tsauri, ƙasar da ke neman sassan injin Rasha ta hannun dillalai na uku tana da dalilin yin hattara.

Injuna daga ƙasashe da yawa, izini daga wasu

Jerin helikwaftocin Najeriya kamar taron ƙasashe yake. Super Puma yana amfani da injin Makila na Faransa. Bell 412 da AW109 Trekker suna amfani da injunan Pratt & Whitney na Kanada. AH-1Z yana da T700 na General Electric. Bell UH-1H guda biyu da Rundunar Sojan Ƙasa ta karɓa a 2024 suna da nasu daban. Kowane iri yana buƙatar nasa kayan aiki, nasa littattafai, nasa injiniyoyi da aka horar, da nasa rumbun ajiya. Ƙwararre a kan injin Rasha ba ya taɓa na Kanada sai ya koma aji.

Na Rasha su ne suka fi shiga tsaka mai wuya. Tun zamanin Tarayyar Sobiyet, kamfanin Klimov da ke birnin Saint Petersburg ne ya tsara TV3-117, amma masana'antar Motor Sich da ke Zaporizhzhia, a Yukiren, ita ce ke ƙera shi da yawa. Rikicin 2014 ya raba abokan aikin biyu, Rasha ta koma ƙera nata samfurin, VK-2500, a gida. Yaƙin da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya ƙara dagula lamarin. An kai wa masana'antar Motor Sich hare-hare, gwamnatin Yukiren ta karɓe ta a ƙarshen wannan shekara, Rasha kuma ta karkata abin da take ƙerawa ga nata yaƙin. Takunkumin da aka ƙaƙaba wa bankunan Rasha ya sa biyan kuɗi ya yi wuya, ga kuma dokar Amurka ta 2017, CAATSA, wadda ke barazanar hukunta duk ƙasar da ta yi babban ciniki da masana'antun tsaron Rasha. Helikwaftan da ya fi kowane ɗaukar gadajen marasa lafiya a rundunar shi ne wanda hanyar samun injinsa ta fi ƙunci.

Sauya mai sayarwa ba ya kawar da matsalar, yana sauya mata kama ne. T129 jirgin Turkiyya ne, amma injinsa, CTS800, na haɗin gwiwar Honeywell na Amurka da Rolls-Royce na Birtaniya ne, kuma ba ya fita sai da izinin Washington. Pakistan ta ƙulla cinikin T129 guda 30 a 2018, rashin wannan izini ya hana a kai mata. Najeriya ma ta ɗanɗana: a 2014 Amurka ta hana a sayar mata jiragen Cobra daga Isra'ila, kuma 'yan majalisar Amurka sun riƙe cinikin AH-1Z na wani lokaci a 2021 saboda batun haƙƙin ɗan Adam. Kuskuren kai hari kan fararen hula, kamar na Rann a Janairun 2017 da na Tudun Biri a Disamban 2023, yana shiga fayil a can, kuma fayil ɗin ake buɗewa idan takardar neman kayan gyara ta iso.

Akwai darasi a cikin takardar cinikin AH-1Z ɗin kanta. Jirage 12 ne, a kan kimanin dala miliyan 997, amma injunan da aka lissafa 28 ne: 24 a jikin jirage, huɗu na ajiya. Masu tsara irin wannan ciniki sun san cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda fayil ke kwana

Duk waɗannan injuna da kuɗin waje ake sayen sassansu, kasafin kuɗi kuwa da naira ake rubuta shi. A farkon Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Sashen da aka yi wa farashin dala 100,000, wanda aka ware wa naira miliyan 46, ya koma neman miliyan 150 ba tare da mai sayarwa ya ƙara ko sisi ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a sashen kuɗi ya san abin da ke biyo baya: a koma neman ƙarin amincewa, wa'adin farashin da kamfani ya bayar ya ƙare, a sake nema daga farko.

Haka nan ya san tazarar da ke tsakanin kuɗin da aka rubuta a kasafi da kuɗin da aka saki. Sau da dama an tsawaita wa'adin aiwatar da ɓangaren manyan ayyuka na kasafin wata shekara zuwa cikin ta gaba, kamar yadda aka yi wa na 2023 da na 2024. Gini yana iya jiran kuɗinsa, a dawo a ɗora bulo daga inda aka tsaya. Masana'antar garambawul ba ta riƙe wa kowa layi. Wanda bai biya kuɗin ajo a kan kari ba, wata ƙasa ce za ta shiga gurbinsa. Bayan kuɗi akwai takardar shaidar mai amfani na ƙarshe, wadda ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ke bayarwa, akwai buɗe takardar lamunin banki, akwai fito da kaya daga hannun kwastan. Kowane mataki yana da teburinsa, kuma kwana goma a kan kowane tebur suna taruwa su zama damina guda.

Gaggawa ba tare da sa ido ba ita ma ta taɓa cin rayuka. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta keɓe kayan musamman na tsaron ƙasa daga tanade-tanadenta, sai idan Shugaban Ƙasa ya ba da izinin a bi su. Hikimar keɓewar ita ce sirri da sauri, amma ta bar giɓi. Kwamitin binciken sayen makamai da Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa a 2015 ya ba da rahoton cewa an sayi tsofaffin Mi-24V guda biyu a kan kusan dala miliyan 137, alhali sabo yana kusan miliyan 30, kuma an kawo su ba su cancanci tashi ba, babu ma ganyen farfela a tare da su. Kwamitin ya ce ɗayansu ya faɗi a Nuwamban 2014, sojojin sama biyu suka mutu.

Abin da ya sami wasu

Arziki ba ya kare ƙasa daga wannan lissafi. A watan Afrilun 1980 Amurka ta tura helikwafta takwas cikin hamadar Iran domin ceto ma'aikatan ofishin jakadancinta da aka yi garkuwa da su a Tehran. Tsarin yana buƙatar aƙalla shida. Ɗaya ya tsaya a hanya saboda alamar tsaga a farfela, ɗaya ya juya bayan ya shiga guguwar ƙura na'urorinsa suka rikice, ɗaya ya isa da matsalar famfon mai na sarrafa jirgi. Biyar suka rage, aka soke aikin, kuma a wajen janyewa jirage biyu suka yi karo, sojoji takwas suka mutu. Ba a harba musu ko harsashi ɗaya ba.

Misalin da ya fi kusa shi ne na Afirka ta Kudu. A ambaliyar Mozambik ta shekarar 2000, matuƙan sojan samanta sun ɗauko mutum fiye da 14,000 daga rufin gidaje da rassan bishiyoyi, har da jaririyar da aka haifa a kan bishiya, galibi da jiragen Oryx masu injin Makila. Shekara ashirin da 'yan kai bayan haka, bayan an yi ta rage kasafin tsaro kuma kamfanin gwamnati na Denel, mai kula da jiragen, ya shiga matsalar kuɗi, bayanan da aka gabatar wa majalisar dokokin ƙasar a 2023 suka nuna cewa mafi yawan jiragen rundunar ba sa tashi. Jiragen suna nan, matuƙan suna nan. Kwangilar kulawa ce ta yanke.

Guntun gatarinka

Najeriya ba ta zauna hannu rabbana ba. A zamanin Air Marshal Sadique Abubakar, wanda shi kansa matuƙin helikwafta ne kuma ya jagoranci rundunar daga 2015 zuwa 2021, an mai da hankali kan farfaɗo da jiragen da suka daɗe a ajiye da kuma yin babban garambawul a cikin gida, kamar wanda aka yi wa jiragen dakon kaya C-130 a Ikeja. Rundunar ta bayyana cewa adadin jiragenta masu lafiya ya tashi daga kusan kashi 35 cikin ɗari a 2015 zuwa fiye da kashi 80 a 2020. Kaduna, wadda ita ce babban birnin jihar da Samaru Kataf take, tana da Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama, AFIT, mai horar da injiniyoyin jirage, tana kuma da Hukumar Masana'antun Tsaro, DICON, wadda aka kafa a 1964 aka kuma sabunta dokarta a 2023.

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, amma ya kamata a san iyakar gatarin. Ganyen da ke jure wutar cikin inji ƙasashe ƙalilan ne a duniya ke iya zuba shi, kuma ba abin da za a fara a Kakuri cikin shekara biyar ba ne. Abin da ke hannu ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi saurin amfani: wurin gwada inji bayan gyara, izinin masana'anta na yin matsakaicin garambawul a gida, ɗakin binciken man inji da ke gano ɓarɓashin ƙarfe kafin sashe ya karye, wanke inji a kai a kai a lokacin hunturu, da albashin da zai hana injiniyan da aka kashe shekara goma ana horarwa komawa kamfanonin jigilar ma'aikatan mai a Fatakwal.

Sauran aikin na masu biro ne. Mataimakin ɗan majalisa da ke duba kasafin tsaro yana iya tambaya, a gaban kowane sabon jirgi, injunan ajiya nawa ke tare da shi, da kwangilar kulawa ta shekara nawa, da kuma ƙasar da izinin sassansa ke hannunta. Jami'in kasafi yana iya neman a ware kuɗin garambawul a layi na kansa, bisa sa'o'in tashi da aka tsara, kuma a ƙiyasta shi da kuɗin da za a biya da shi. Mai tsara saye yana iya tsayawa a kan rage yawan ire-iren jirage, domin rumbu ɗaya ya ciyar da jirage goma maimakon rumbuna biyar su ciyar da bibbiyu. Wanda fayil ya iso teburinsa kuma yana iya duba ranar da farashin da ke ciki zai daina aiki kafin ya ɗora shi a kan tulin gobe.

Da yawa daga cikin waɗannan ma'aikata sun san hanyar Abuja zuwa Kaduna, wasunsu ma suna da 'yan'uwa a cikin jirgin ƙasan da aka kai wa hari kusa da Katari, a Ƙaramar Hukumar Kachia, ranar 28 ga Maris 2022. Wasu kuma ta Samaru Kataf suke bi duk Kirsimeti ko Sallah idan za su gida. Mai raunin da ke kwance a filin makaranta yana sauraron ƙarar farfela daga arewa ba zai taɓa sanin sunan jami'in da ya saki kuɗin injin a kan kari ba, kuma babu bikin yanke kyalle da za a yi wa akwatin robobin toshe mai. Amma minti 40 ɗin da ke tsakaninsa da likita, a kan wancan tebur aka saye su.